Awa ɗaya da kwanon abinci: yadda sashen likitocin Mayo ya tunkari gajiyar rai

Ƙanwata ce ta jawo wannan rubutun. Likita ce, tana cikin shekarun neman ƙwarewa a wani asibitin koyarwa da ba sai na kama suna ba. Wata Asabar ta biyo gida bayan ta kwana kol, wato aikin kwana a asibiti, na ji tsayuwar motarta a ƙofar gida amma shiru shiru ba ta shigo ba, har Hajiya ta ce kai leƙa ka gani ko lafiya. Na leƙa na same ta zaune, ta kashe mota, hannu biyu kan sitiyari, ba waya take ba kuma ba barci take ba, bango kawai take kallo. Na ƙwanƙwasa gilashi na ce Dakta yaya dai? Ta ce "Yaya wallahi ba komai, so nake kawai in yi minti goma ba wanda ya tambaye ni wani abu." Da muka zauna cin abinci tana ba da labarin daren sai na lura duk marasa lafiyan da ta ambata ba wanda ta kira da suna, ba ma ko wata baiwar Allah, sai dai "mai hantar nan ta gado na 7", "mai sugan nan da ya ƙi shan magani". Yarinyar da a da in mara lafiyarta ya rasu sai ta kwana biyu abinci ba ya shiga.

Wannan halin masana sun daɗe da saninsa. Kalmar da Turawa suke kiransa da ita, wato burnout, tana nufin wutar da ta ci ta cinye har ta mutu don kanta, ni dai gajiyar rai zan ce masa. Wani masanin halayyar ɗan'adam, Herbert Freudenberger, shi ya fara rubutu a kai a 1974, sannan Christina Maslach ta fito da ma'auninsa a 1981, kuma har yau shi ake amfani da shi. Alamu uku ne: mutum ya ji an tatse shi ƙarƙaf ba sauran abun bayarwa, ya fara kallon mutanen da yake wa aiki kamar kaya ba mutane ba, sannan ya ji duk wahalar da yake sha ba ta tsinana komai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi a kundinta, amma ta ce abu ne da wurin aiki yake haifarwa, ba ta lissafa shi cikin cututtuka ba. Ka riƙe wannan, don duk labarin a kansa ya rataya. Kuma kar wani ya ce mutuwar zuciya ce ko lalaci, galibi ma waɗanda suka fi kowa zafin nama a aiki su ya fi kamawa.

To da na shiga karance-karance sai na yi ta cin karo da sunan wuri ɗaya, sashen likitocin cututtukan ciki na manya a asibitin Mayo. Asibitin yana Rochester, wani madaidaicin gari a jihar Minesota can arewacin Amurka, inda sanyi yake da tsananin da sai da aka haɗa gine-ginen asibitin da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa don mutane su riƙa wucewa ba sai sun fita waje ba. Asalinsa wani likita ne William Worrall Mayo da 'ya'yansa biyu Will da Charlie, bayan guguwar da ta ɗaiɗaita garin a 1883 aka gina asibitin Saint Marys aka buɗe a 1889, daga nan abu ya yi ta bunƙasa har ya zama wurin da sarakuna da shugabannin ƙasashe suke zuwa a duba su. Likitocinsu albashi ake biyansu tsayayye, ba wai iya yawan mutanen da ka gani iya kuɗinka ba. Ga kayan aiki, ga wuta ba ta ɗaukewa, ga suna. In akwai inda bai kamata a ji likita yana kukan gajiyar rai ba ai nan ne.

Amma likitan asibitin jami'a taura uku yake taunawa ba ma biyu ba. Zai duba marasa lafiya, zai koyar da ɗalibai da masu neman ƙwarewa, kuma ƙarin girma ba zai zo ba sai ya yi bincike ya buga takardu, ga mitin na kwamiti da ba ya ƙarewa. Kowanne cikinsu yana son ranarka duka.

Mutum uku ne sunansu ya fi fitowa a lamarin. Tait Shanafelt likitan jini ne, ƙwarewarsa a kan wata kansar jini take, amma tun yana neman ƙwarewa a Jami'ar Washinton da ke Seattle ya yi wani bincike kan abokan aikinsa su 115, aka buga a 2002, inda aka samu kashi 76 cikin 100 suna da alamun gajiyar rai, kuma su ɗin su suka fi amsa cewa e, akwai lokutan da ba su kula da mara lafiya yadda ya kamata ba. Da ya zo Mayo sai ya haɗu da Colin West, wanda likita ne kuma masanin lissafin ƙididdiga, da Lotte Dyrbye. A 2006 su West suka buga abun da suka gani a wajen masu neman ƙwarewa na sashen, wato wanda ya tafka kuskure a kan mara lafiya sai gajiyar rai ta biyo baya, wanda gajiyar ta kama kuma shi ya fi sake yin wani kuskuren nan gaba, abu ya zama kamar jaki a kan turke yana ta zagaye. A 2007 sashen ya kafa wani shiri na musamman don walwalar likitocinsa. Abun da ya burge ni da su shi ne ba su fara da lakca a kan haƙuri ba, awo suka fara yi kamar yadda za su auna jinin mara lafiya.

Sun aika wa manyan likitocin sashen takardar tambayoyi, 465 suka amsa. Kashi 34 cikin 100 suna da gajiyar rai, wato kusan ɗaya cikin uku, a Mayo fa. Sai suka ƙara wata tambaya mai sauƙi: cikin duk ayyukanka wanne ya fi maka ma'ana, kuma nawa ne cikin lokacinka yake tafiya a kansa? Kashi 68 suka ce duba marasa lafiya, 19 suka ce bincike, 9 koyarwa, 3 kacal suka ce aikin ofis. Waɗanda abun da suke so ba ya samun ko kashi 20 na lokacinsu, kusan kwana ɗaya a satin aiki ke nan, gajiyar rai ta kama kashi 53.8 cikinsu, waɗanda suke samun wannan kwana ɗayan kuma kashi 29.9. Kuma wuce kashi 20 ɗin bai ƙara wani abun a zo a gani ba. Wato ba cewa ake a bar mutum ya yi abun da ya ga dama duk sati ba, kwana ɗaya cikin biyar ya ishe shi ya jure sauran huɗun. An buga wannan a 2009. Shugaban sashe da ya san wannan ai ya samu makami a hannu, don tambaya ɗaya ce zai yi wa kowane likita in sun zauna bitar shekara, kuma ba ta cin ko sisi.

Daga nan aka zo kan gwajin da ya fi ɗaukar hankalina. Tsakanin Satumba 2010 da Yuni 2012 likitocin sashen 74 suka yarda a yi gwaji da su. Aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Duka gida biyun, asibiti ya ba kowa awa ɗaya duk sati biyu, cikin lokacin aiki, kuma ana biyansa albashin awar, har wata 9. Bambancin kawai shi ne rukuni na farko a wannan awar za su taru 'yan kaɗan kaɗan su zauna da wani likita ɗan'uwansu da aka horar ya jagoranci hira, zama 19 gaba ɗaya, rukuni na biyu kuma an ce ga awarka nan ka yi yadda ka so da ita. Abubuwan da ake tattaunawa a zaman su ne irin waɗanda likita ba ya faɗa wa kowa: ranar da ka yi kuskure, yadda ake faɗa wa mutum cewa ciwonsa ba na tashi ba ne, mutuwar mara lafiyan da ka shaƙu da shi, gida da aiki, me ma ya kawo ka aikin nan tun farko.

Ni da a ce an tambaye ni kafin in ga sakamakon, cewa zan yi waɗanda aka bar wa awarsu su za su fi samun sauƙi, don mutumin da ya gaji me zai yi da wani sabon mitin kuma? Sai ga shi ba haka ba. Wata uku bayan an gama, yawan masu kallon marasa lafiya kamar kaya ya ragu da kashi 15.5 a cikin masu zaman hira, a ɗaya rukunin kuwa ƙaruwa ya yi da 0.8. Bayan shekara guda bambancin yana nan, ragin 9.6 a nan, 1.5 a can. Masu cewa lallai aikinsu yana da ma'ana sun ƙaru da kashi 6.3 cikin masu hira, sun ragu da 6.3 cikin waɗanda aka ba awa kawai, sauran likitocin sashen su 350 da ba su shiga gwajin ba kuma sun ragu da 13.4. Awa ɗaya ce aka ba kowa, kuɗi ɗaya asibiti ya kashe, amma wanda ya ci tasa shi kaɗai bai samu abun da wanda ya ci ta cikin 'yan'uwansa ya samu ba. Kuma ba sai an yi duba ba, likitan da aka ba awa kyauta mun san inda za ta tafi, fayil ɗin da bai gama rubutawa ba zai buɗe.

Sai dai kar in yi musu kwalliyar da ba su yi wa kansu ba. A wannan gwajin, da aka buga a 2014, ba a ga wani bambanci na ƙwarai tsakanin rukunin biyu ba a kan damuwa, ko alamun ciwon baƙin ciki, ko jin daɗin rayuwa gaba ɗaya, ko gamsuwa da aiki. Su da kansu suka rubuta haka. Sannan waɗanda suka shiga ai masu sa kai ne, mutumin da zai ɗaga hannu ya ce zan zauna in yi maganar zuciyata dama can daban yake da wanda ya fi kowa buƙata amma ya ƙulle ofis ya ce shi lafiyarsa lau. Wanzami ba ya son jarfa, likita kuma ba abun da ya tsana irin a mayar da shi mara lafiya.

Wata matsalar ita ce tsada. Awar babban likita a Amurka ba ƙaramin kuɗi ba ce, ga horar da masu jagora. Sai suka sake lale. Daga Oktoba 2013 zuwa Oktoba 2014 aka yi gwaji na biyu da likitoci 125, su ma aka raba su gida biyu, aka sa masa suna COMPASS. Wannan karon babu mai jagora. Ku haɗu ku shida zuwa takwas, ku tsara lokacinku, duk sati biyu ku je ku ci abinci tare, asibiti zai biya har dala 20 na kowane mutum. Sharaɗi ɗaya ne, minti 15 zuwa 20 na farko za ku ɗauki tambaya ɗaya cikin jerin da aka ba ku ku tattauna, sauran lokacin kuma ku yi hirar da kuka ga dama, ko ƙwallo ko 'ya'ya ko gulmar oga. Zama 12 cikin wata 6. Wata shida bayan an gama, gajiyar rai ta ragu da kashi 12.7 cikin masu cin abincin, ta ƙaru da 1.9 cikin ɗaya rukunin da ba a saka su a cin abincin ba. Alamun baƙin ciki ma wannan karon sun motsa, sun ragu da 12.8 a nan sun ƙaru da 1.1 a can. Masu tunanin ajiye aikin nan da shekara biyu sun ɗan ragu a rukunin farko, a na biyu sun ƙaru da 6.1.

Da na karanta wannan dariya ta kama ni, na ce ai ciyayya ce. Abun da iyayenmu maza suke yi a ƙofar gida bayan isha'i, kowa a fito masa da kwanonsa a haɗa a ci tare, a nan ake jin wanda ɗansa ba lafiya da wanda bashi ya yi wa katutu ba tare da an ce masa zo ka faɗi damuwarka ba. Su sai da suka yi ƙuri'a da lissafi kafin su yarda. Amma ban raina musu ba fa, don wannan lissafin shi ya sa masu riƙe da lalitar asibiti suka saki kuɗi. A Oktoba 2015 aka buɗe shirin ga duk likitoci da masu binciken Mayo, kuma cikin wata 10 sama da 1,100 daga cikin 3,755 suka shiga. Kuma wannan mintocin na farko da aka ɗaure su da tambaya, a ganina nan dabarar take. In ka tara likitoci ka bar su haka nan, ƙorafin jadawalin kol za su yi har a tashi. Tambayar ce take ba babban kwansaltan uzurin da zai ce nima na taɓa ba da maganin da bai dace ba kuma har yau ina tuna fuskar matar, a gaban ƙaramin da yake zaton shi kaɗai ne ya taɓa yi. Ciwon likita na likita ne, matarsa ko mijinta ba lallai su gane ba.

Akwai ɓangaren da shugabannin sashe ba su cika son a taɓo ba, shi ne su kansu. A 2013 Mayo ta sa likitocinta da masu bincike 2,813 suka ba shugabanninsu na kusa maki a kan abubuwa 12, irin su yana sanar da ni abun da ake ciki, yana neman shawarata, yana zama da ni a kan ci gabana, yana yaba min in na yi abun kirki, yana mutunta ni. Maki 60 ne duka. Duk maki ɗaya da oga ya ƙaru da shi, yiwuwar gajiyar rai a wajen na ƙasa da shi tana raguwa da kashi 3.3, gamsuwa da aiki tana ƙaruwa da kashi 9. Kusan rabin bambancin gamsuwa tsakanin wannan ɓangare da wancan, kashi 47, halin oga ne ya bayyana shi. To a jami'a kuwa yaya ake zama shugaban sashe? Wanda ya fi takardu ko ya fi daɗewa. Ba wanda ya taɓa tambaya ko ya iya sauraron mutum. Mayo ta mayar da wannan makin abun da ake aunawa a kai a kai ana nuna wa shugaban nasa, wato gajiyar yaranka ta shiga cikin rahoton aikinka.

Maganar kuɗi kuma a taƙaice: sun bi takardun albashinsu suka ga duk matakin da likita ya hau a ma'aunin gajiya mai hawa 7, yiwuwar ya rage kwanakin aikinsa cikin shekara biyu tana ƙaruwa da kashi 43. Wani lissafi da aka buga a 2019 ya ce abun yana ci wa Amurka kusan dala biliyan 4.6 duk shekara. Dala 20 ta abinci kusa da wannan ai sadaka ce.

Inda nake da ja shi ne yadda wasu asibitocin suke ɗaukar irin wannan labarin su tsinci mai arha su bar mai tsada. A kawo abinci, a kawo mai koyar da numfashi, a rataya fosta a bango, jadawali kuma yana nan yadda yake. Su kansu mutanen Mayo ba su ce kwano ya wadatar ba. Takardar da Shanafelt ya rubuta tare da shugaban asibitin na lokacin, John Noseworthy, a 2017, matakai 9 ta lissafa, zaman cin abinci ɗaya ne kawai a ciki, koya wa likita kula da kansa kuma can wajen ƙarshe aka sa shi. Wani bincike na 2016 da Christine Sinsky ta jagoranta ya bi likitocin Amurka da agogo, ya samu duk awa ɗaya da suka yi da mara lafiya sai sun yi kusan biyu a kan kwamfuta da takardu, da dare kuma a gida su ƙara ɗaya ko biyu. Ba tuwon da zai goge wannan. Kuma alƙaluman ƙasar baki ɗaya sun nuna yadda abun yake bin nauyin aiki: kashi 45.5 a 2011, 54.4 a 2014, ya sauka 43.9 a 2017, ya sake sauka 38.2 a 2020, sai korona ta yi jifa da shi zuwa 62.8 a 2021. Mutanen dai su ne, haƙurinsu bai canza cikin shekara ɗaya ba, kayan da aka ɗora musu ne ya canza. Shi Shanafelt a 2017 Jami'ar Stanford ta ɗauke shi ta ba shi kujerar babban jami'in walwalar likitoci, irinta ta farko a asibitin jami'a a Amurka, daga baya wasu da yawa suka kwaikwaya.

Duk wannan na kwashe na ba ƙanwata labari wani dare, tana kwance kan doguwar kujera ta ɗora ƙafa a kan hannun kujerar, safa ma ba ta cire ba. Maganar kwana ɗaya cikin biyar ta ce ita koyar da 'yan aji huɗu take so, kuma rabonta da ta tsaya da su a bakin gado ba tana kallon agogo ba har ta manta. Maganar ba oga maki ta yi dariya har da tari, ta ce wa zai sa hannu. Da na zo kan cin abincin sai ta yi shiru, ta ce su ma da suna da wani ɗan ɗaki kusa da wod, wato ɗakin kwantar da marasa lafiya, inda suke haɗa kuɗi a sayo awara da shayi in an kwana kol, a nan ta fara jin wata babbarsu ta ce ta taɓa kuka a banɗaki bayan wani yaro da take dubawa ya rasu, amma yanzu cikin waɗanda suke zaman biyu suna Saudiyya ɗaya tana Ingila, ɗakin kuma an zuba fayil a ciki.

Na ce to ku sake haɗawa mana ko ku huɗu ne, ni zan riƙa biyan kuɗin awarar.

Ta ce "Yaya awara ai ba ita ce matsalar ba. Awar da zan zauna in ci, wa zai riƙe min wod?"